Bayan Kanta: Tarihin Wata Kalmar Turanci Mai Tsatso Biyu

Duk wanda ya taɓa zuwa ofishin 'yan sanda belin ɗan'uwansa ya san abin da ake nufi idan aka ce mutum yana bayan kanta. Wanda ya shiga banki ko kemis ma ya san kanta, wato dogon teburin nan da ke raba mai saye da mai sayarwa. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta kuwa, da wuya rana ta fito ta faɗi ba mu rubuta wannan kalma da ainihin harufanta na Turanci ba, wato "counter". Sai dai a wurinmu ma'anarta wani ɗan gurbi ne a ƙwaƙwalwar na'ura da ke riƙe da adadi, ana ƙara masa ɗaya duk lokacin da wani abu ya faru. Da yamma kuma idan muka zauna kallon ƙwallo, sai mu ji mai sharhi ya ambaci kalmar da wata ma'ana dabam: ƙungiyar da aka matsa wa lamba ta ƙwace ƙwallo, ta mayar da hari nan take.

To me ya haɗa tebur da ƙirga da ramuwar gayya? Idan muka buɗe babban ƙamus na Turanci za mu tarar an raba kalmar gida-gida, domin a asali kalmomi biyu ne daga tsatso biyu, waɗanda zamani ya goge su har suka zama iri ɗaya a baki da a takarda. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. A rubutun Hausa ma "kanta" ɗin kanti, da "kanta" ɗin da ake nufi idan aka ce mace ta ɗaura ɗankwali a kanta, da "kanta" ɗin dattin da ya daɗe ya kafe, da Kanta Sarkin Kabi wanda ya bijire wa daular Songhai a ƙarni na 16, duk harufansu ɗaya, amma kowanne da gidan ubansa. Abin da ya sa labarin kalmar Turancin ya cancanci a bi shi, shi ne tsatson nan biyu sun yi ta haɗuwa a tarihi, kuma duk inda suka haɗu akwai dukiya ko 'yanci ko ran wani a tsakani.

Tsatso na farko: daga gonar inabi zuwa lissafi

A harshen Latin, na tsoffin Rumawa, akwai aikatau "putare". Ma'anarsa ta fari ta manoma ce: datse rassan inabi ko na bishiya, a cire wanda ba ya da amfani. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa tsabtace lissafi, a ware abin da ya shiga da abin da ya fita, sannan zuwa tunani da kimantawa. Da aka ɗora masa ɗafa-goshin "com", mai nufin haɗawa, sai aka sami "computare", wato a tara a ƙirga. Daga wannan reshe ne Turanci ya sami kalmar yanke gaɓar jiki, "amputate", da kalmar jayayya, "dispute", wadda asalinta mutum biyu ne kowa ya yi lissafinsa dabam. Ke nan tun daga tushe, gardama tana maƙale da ƙirga.

A bakin mutanen ƙasar da ta zama Faransa, "computare" ta lanƙwashe ta koma "conter". A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da baitulmali na ƙarnoni, shi ya sa kalmomin kuɗi da shari'a na Turanci da yawa daga can suka shigo. "Count" da "account" da "counter" duk ta wannan ƙofa suka bi.

Akwai wani abin lura a nan. Tsohuwar kalmar Faransancin tana nufin ƙirga, tana kuma nufin ba da labari. Daga baya malamansu suka raba su a rubuce, suka mayar wa ta ƙirga harufan Latin ɗinta ta zama "compter", ta labari ta tsaya "conter", amma a baki har yau ɗaya suke. A Sifaniyanci "contar" tana ɗauke da ma'anonin biyu. A Turanci ma "tell" da muka sani da faɗar magana, a da tana nufin ƙirga, shi ya sa ake kiran mai karɓar kuɗi a banki "teller". Mu ma idan muka ce wani ya lissafo abubuwan da suka same shi, labari ya bayar. Ita kuwa "lissafi" daga "al-hisab" ta Larabci muka aro ta, tsatson da ya ba mu ranar hisabi, ya kuma ba Larabawa "hasub", sunan da suke kiran kwamfuta.

'Ya'yan lissafi da teburinsu

Wanda ya taɓa gwada ninka lambobin Rumawa, irin su XLVII da XIX, ya san ba a yi su don aiki da alƙalami ba. Rumawa da tsakuwa suke lissafi a kan allo mai layuka, sannan su rubuta amsar. Sunan tsakuwa a Latin "calculus", kuma daga nan kalkuleta ta samo suna. Turawan tsakiyar zamani sun gaji wannan hanya, sai dai sun maye gurbin tsakuwa da wasu 'yan faya-fayan tagulla masu kama da kwabo. A layin ɗaya-ɗaya kowane faifai ɗaya ne, a layi na gaba goma ne, a na gabansa ɗari. Idan layi ya cika sai a kwashe a aza guda a layin sama. Waɗannan faya-fayai su ne abin da Ingilishi suka kira "counters", Faransawa kuma suka kira "jetons", daga aikatau mai nufin jefawa. A ƙarni na 16 birnin Nuremberg na Jamus ya zama cibiyar ƙera su, kuma har yau masu haƙa a Ingila suna tono waɗanda ke ɗauke da sunan maƙerin nan Hans Krauwinckel.

Mu da kakanninmu suka yi ciniki da wuri ba za mu yi mamakin ƙirga da hannu ba. Kalmar "kuɗi" ita kanta jam'in "wuri" ce. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa a 1851, ya ga yadda ake ƙirga wuri biyar-biyar ana tara su tsibi-tsibi, ya kuma ba da labarin wahalar da mutane da dama suka sha kafin su gama ƙirga 500,000. Bambancin shi ne wurin kuɗi ne da kansa, faifan Bature kuwa wakilin adadi ne kawai, ba ya sayen komai.

Abin da ya kashe kasuwar faya-fayan daga ƙasashen Musulmi ya zo. Wani ɗan birnin Pisa, Leonardo, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lambobin Indiya da Larabawa a Bijaya ta Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke aiki da 'yan kasuwar garinsu. A 1202 ya fitar da littafinsa Liber Abaci. Ba a karɓi sabbin lambobin da hannu bibbiyu ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Florence ta hana mambobinta rubuta su a littattafan ciniki, kuma dalilin da aka fi ambata shi ne sauƙin yin maguɗi da su, domin ɗan jan alƙalami ya isa ya mayar da sifiri 6 ko 9. A 1503 wani littafin koyarwa mai suna Margarita Philosophica ya fito da zanen gasa tsakanin mai lissafi da alƙalami da mai lissafi da faya-fayai, aka nuna na alƙalamin cikin fara'a, ɗayan kuwa fuska a murtuke. Shekara ɗari bayan haka, a wasan Othello na Shakespeare, Iago ya raina Cassio da cewa shi ba sojan fagen fama ba ne, mai tura faya-fayan lissafi ne kawai.

A cikin ƙarni na 17 alƙalami ya yi rinjaye a Ingila. Faya-fayan suka koma hannun masu caca da yara, kalmar ta sami sabuwar ma'ana: ɗan wasa irin 'ya'yan dara, ko kwabon banza da ba ya da daraja. Amma teburin da ake baza su a kai bai tafi ko'ina ba. Shi ma sunansa "counter", daga "computatorium" ta Latin, wato wurin lissafi. Ɗan kasuwa na tsaye ta ciki, mai saye ta waje, ana ƙirga kuɗi a tsakani. An daina lissafi a kansa da faya-fayai, sunan ya zauna.

Wannan tebur ya yi yawo a duniya. Faransawa suna ce masa "comptoir", kuma da wannan suna suka kira sansanonin cinikinsu a gaɓar teku, irin Saint-Louis ta Senegal da aka kafa a 1659, inda aka yi cinikin ƙaro da na bayi. Jamusawan ƙungiyar Hansa suka kira manyan ofisoshinsu na Landan da Bruges da Bergen da Novgorod "Kontor". Mutanen Holan suka ce "kantoor", suka kai ta Indonesiya, inda har yau "kantor" ke nufin ofis. Mu kuma ta bakin Turawan Ingila ta iso mana, muka ce kanta. Akanta da kwamfuta 'yan ɗakinta ne, duk jikokin "computare". Kanti kuwa, duk da kamar sunan, daga "canteen" ya fito, ba dangi ba ne.

Kurkukun da ake kira Counter

A tsohon birnin Landan akwai gidajen yari da ke ƙarƙashin jami'an da ake kira sherif, kuma sunansu Counter, wani lokaci a rubuta Compter. Sunan daga ofishin hukumar birni ya gangaro zuwa ɗakunan tsare mutane da ke haɗe da shi. Akwai na unguwar Poultry, akwai na Wood Street da aka buɗe a 1555, daga baya aka gina na Giltspur Street a 1791. Yawancin waɗanda ake kullewa a ciki mutanen da bashi ya ci ne. Zaman ma da kuɗi ake yin sa: mai hali ya kama ɗaki a ɓangaren maigida, mai ɗan abin hannu ya koma na ƙasa da shi, wanda aljihunsa ya ƙare a jefa shi sashen da suke kira Rami. Wato mutum ya shiga don ya kasa biyan bashi, a ciki kuma sabon bashi na hawa kansa.

Namu "bayan kanta" ba daga waɗannan gidaje ya fito ba, daga teburin da ke ƙofar caji ofis ne, inda ake rubuta ƙara. Amma abin a duba ne yadda al'ummu biyu da ke nesa da juna suka ɗauki sunan teburin lissafi suka ba wurin da ake tsare mutum. A wurare biyun, wanda ke riƙe da littafi shi ke faɗin abin da ake bin ka.

Tsatso na biyu: abin da ke fuskantarka

Ɗaya kalmar daga "contra" ta Latin ta fito, mai nufin abin da ke gabanka, yana fuskantarka, ko yana hamayya da kai. A Faransanci ta zama "contre", a bakin Normandawan Ingila ta koma "countre", daga nan ta daidaita da waccan. Ma'anarta ta fari ba lallai faɗa ba ce. Kalmar "country", ƙasa, asalinta "terra contrata" ce, wato filin da ke shimfiɗe a gaban mai kallo. "Encounter" kuma haɗuwa ce gaba da gaba. A Hausa ma muna rubuta "gaba" ta fuskanta da "gaba" ta abokin gaba da harufa ɗaya, tsawon wasali ke raba su.

Wannan ita ce "counter" da ake liƙa wa wasu kalmomi a goshi. "Counterfeit", jabun kuɗi, asalinta abin da aka ƙera ana kallon na ainihi, ana kwaikwayonsa. Maharban Ingila suna cewa kare ya yi gudun "counter" idan ya bi sawun dabba ta baya, ya nufi inda ta fito maimakon inda ta tafi. Shakespeare ya yi wasa da wannan a The Comedy of Errors, inda wani bara ya kwatanta jami'in da ya kama maigidansa da irin wannan kare, 'yan kallon Landan kuma suka ji sunan kurkukun bashi a ciki. Masu sassaƙa harufan ɗab'i suna kiran farin gurbin da ke cikin harafi, kamar cikin o ko ɓ ko ɗ, da wannan suna, saboda da wani ƙarfe na biyu ake buga ramin a fuskar ƙarfen harafin. Masu ɗinkin takalma kuma suna kiran ƙaƙƙarfar fatar da ke tokare diddige da shi.

A siyasa ne kalmar ta fi nauyi. Bayan Martin Luther ya tayar da gyaran coci a 1517, cocin Katolika ya yi nasa taron a Trent daga 1545 zuwa 1563. Masana tarihin Jamus na baya ne suka raɗa wa wannan yunƙuri sunan da Turanci ya fassara "Counter-Reformation", kuma masanan Katolika da yawa ba su so sunan ba, domin yana nuna cocinsu martani kawai ya mayar, ba shi da shirin kansa. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya haifar da "contre-révolution", tambarin da ya kai mutane da yawa ga takobin gwamnati. A Nikaragua a shekarun 1980, mayaƙan da Amurka ta mara wa baya don yaƙar gwamnatin Sandinista an san su da Contras, gajeren wannan kalma a Sifaniyanci. Mu ma a Najeriya littattafan tarihi suna kiran abin da ya faru ranar 29 ga Yulin 1966 "counter-coup", wato suna ɗaure shi da juyin mulkin 15 ga Janairun shekarar. Duk wanda aka liƙa wa wannan ɗafa-goshi, an riga an yanke cewa shi ne na biyu, wani ne ya fara. Shi ya sa ake jayayya a kan wa ya cancanci sunan.

Inda tsatson biyu suka haɗu

Wajejen shekarar 1179, ma'ajin Sarki Henry na Biyu, Richard FitzNeal, ya rubuta littafi yana bayanin yadda baitulmalin Ingila ke aiki. Ya ce akwai tebur mai tsawon ƙafa goma da faɗin ƙafa biyar, da ɗan bango a gefe don kada abin da aka ɗora ya faɗi, an shimfiɗa masa baƙin ƙyalle mai layuka. Layukan na kwabo ne da sule da fam da ashirin-ashirin na fam, har zuwa dubbai. Dattawanmu da suka yi amfani da kuɗin kafin 1973 sun san tsarin: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Saboda ƙyallen ya yi kama da allon wasan chess, sai aka kira wurin Exchequer. Sau biyu a shekara kowane sherif na gunduma zai zo ya zauna. A baza faya-fayan abin da ake bin sa a jeri ɗaya, na abin da ya kawo a jeri na ƙasa, kowa yana gani, har wanda bai iya karatu ba. FitzNeal da kansa ya kwatanta zaman da wasan chess: fafatawa ce tsakanin ma'aji da sherif, sauran manya suna zaune a matsayin alƙalai.

Rasit ɗin wancan zamani sanda ce. A sami ɗan icce a yi masa tsaga gwargwadon kuɗin: fam dubu faɗin tafin hannu, fam ɗari kaurin babban yatsa, fam ashirin kaurin ƙaramin yatsa, fam ɗaya kamar ƙwayar sha'ir, kwabo kuwa ɗan zane kawai. Sai a tsaga sandar gida biyu a tsaye, ta yadda kowane ɓari na ɗauke da tsagogin. Mai biya ya tafi da dogon ɓarin, baitulmali ya riƙe gajeren. Ranar lissafi a haɗa su. Wanda ya ƙara tsaga ko ya kankare wata, ɗaya ɓarin zai tona shi, kuma jijiyar icce ba ta yarda a yi mata jabu. Gindin rasit ko na cek da ke zama a littafi bayan an yage na mai biya, wanda Turanci ke kira "counterfoil", jikan wannan dabara ne.

Haka aka yi da rubutu. Ana rubuta lissafin shekara a doguwar fata a naɗe ta, magatakardan ma'aji na rubuta tasa, magatakardan wani babban jami'in sarki, wato chancellor, na rubuta kwafi na biyu a gefensa. Wannan magatakarda na biyu shi ne asalin muƙamin da ministan kuɗin Birtaniya ke riƙe da shi har yau, Chancellor of the Exchequer. Irin wannan naɗi na biyu da ake gwada na farko da shi, sunansa a Latin "contrarotulus", wato naɗin da ke fuskantar naɗi. A Faransanci ya zama "contrerolle", a Turanci ya zama "control". Kalmar da muke ɗauka yau a matsayin iko da juya mutane, asalinta kwafi na biyu ne a hannun wani mutum dabam.

Daga nan sai kuskure ya shigo. Wajejen ƙarni na 15 wasu marubuta suka zaci farkon kalmar "controller" daga "compte" ta ƙirga ya fito, tunda aikin mutumin duba lissafi ne. Suka gyara rubutun ya koma "comptroller". Gyaran ba daidai ba ne, amma ya zauna, ya bi Turawan mulki zuwa ƙasashen da suka mallaka. Shi ya sa yau shugaban hukumar kwastam ta Najeriya da na shige da fice ke amsa wannan laƙabi, mu kuma muke ce musu Kwanturola Janar. A cikin wannan kalma guda tsatson biyu suke kwance: asalinta na hamayya, rubutunta na ƙirga.

Sandunan nan sun yi ƙarko. Sai a 1826 baitulmalin Ingila ya daina aiki da su. Ranar 16 ga Oktoban 1834 aka sa ma'aikata su ƙone tulin da ya rage, kimanin amalanke biyu, a murhun ɗumama zauren majalisar dattawa. Suka yi ta cusawa har bututun hayaƙi ya yi zafin da ya wuce kima. Da dare wuta ta tashi ta cinye zaurukan majalisun biyu. Ginin majalisar Birtaniya mai dogon hasumiyar agogo da muke gani a hotuna, a kan tokar tsoffin rasit aka gina shi.

Kanta a Greensboro

Ranar 1 ga Fabrairun 1960, ɗalibai huɗu baƙaƙen fata na kwalejin A&T da ke Greensboro a jihar North Carolina ta Amurka suka shiga kantin Woolworth. Sunayensu Ezell Blair Jr. da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond. Suka fara sayen 'yan ƙananan kaya, suka karɓi rasit suka riƙe. Sannan suka je dogon teburin cin abinci, wanda Amurkawa ke kira "lunch counter", inda aka keɓe kujeru don fararen fata, suka zauna suka nemi kofi. Aka hana su. Suka ƙi tashi har aka rufe kanti.

Rasit ɗin shi ne hujjarsu: kantin da ya karɓi kuɗinsu a wancan tebur ba shi da bakin cewa ba ya hulɗa da su a wannan. Washegari suka dawo da ƙarin ɗalibai, cikin 'yan makonni zaman dirshan ya bazu zuwa garuruwa da dama na kudancin ƙasar. Ranar 25 ga Yulin shekarar kantin ya sauko, ya fara ba baƙaƙe abinci a teburin. Wani yanki na wannan kanta yana ajiye yau a gidan tarihin Smithsonian da ke Washington.

Ƙirga a cikin na'ura

Kalmar "computer" ta bayyana a rubutun Turanci tun 1613, kuma sama da shekara ɗari uku mutum take nufi, ma'aikacin da aikinsa lissafi. "Counter" ma haka, ta tashi daga mutum mai ƙirga ta koma na'ura. A 1908 Hans Geiger da Ernest Rutherford suka haɗa na'urar ƙirga ƙwayoyin da ke fita daga sinadarai masu tururin nukiliya a Manchester, a 1928 kuma Geiger da Walther Müller suka inganta ta. Ɗan carbin lantarkin da ake saƙalawa a yatsa ana dannawa, shi ma ɗan gidan ne. A cikin wayar da mai karatu ke riƙe da ita yanzu akwai wani gurbi da ake kira "program counter", wanda ke riƙe da adireshin umarni na gaba da na'urar za ta aiwatar. Ba don shi ba, ko harafi ɗaya ba zai fito a fuskar wayar ba.

Sai dai kowane gurbin ƙirga yana da iyaka, kamar mitar tsohuwar mota da ke komawa sifiri idan ta cika. Gurbi mai ɗigo 32 da ke ɗaukar lambobi masu alamar ƙari da ragi ba ya wuce 2,147,483,647. A Disambar 2014 YouTube ta sanar cewa ta faɗaɗa gurbin ƙirga masu kallo zuwa ɗigo 64, saboda bidiyon Gangnam Style ya kai wannan adadi. Wannan abin dariya ne. A 2015 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗin cewa idan aka bar lantarkin jirgin Boeing 787 a kunne kwana 248 a jere, wani gurbin ƙirga zai cika, na'urorin da ke kula da janaretocinsa su tsaya a lokaci guda. A gwaji aka gano matsalar, aka umarci a riƙa kashewa ana kunnawa kafin a gyara manhajar. Akwai kuma tsoffin na'urori masu ƙirga daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970, waɗanda gurbinsu zai cika ranar 19 ga Janairun 2038.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne Therac-25, na'urar gasa ciwon daji da wani kamfanin Kanada ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987 ta zuba wa marasa lafiya shida tururin da ya ninka ƙa'ida sau da yawa, wasu suka mutu. Ɗaya daga cikin kurakuran da aka gano a gurbin ƙirga yake. Gurbin ba ya wuce 255, manhajar kuma tana ƙara masa ɗaya a kowane zagaye, tana ɗaukar sifiri a matsayin alamar komai lafiya. A kowane zagaye na 256 sai ya koma sifiri, a tsallake binciken tsaro. Idan ma'aikaci ya danna maɓalli daidai wannan lokaci, shi ke nan. Na'urorin da suka gabace ta suna da makullan ƙarfe da na lantarki da ke hana irin wannan ko da manhaja ta yi kuskure. A sabuwar an cire su, an bar manhaja ita kaɗai tana shaidar kanta. An ajiye naɗi na farko, an jefar da na biyu.

Shi ya sa a sana'armu ba a yarda wanda ya rubuta manhaja ya zama shi kaɗai zai duba ta, kuma a tsarin kuɗi ake ajiye lissafi a wuri biyu, a riƙa gwada su kowace rana. Dokar zaɓen Najeriya ma a kan wannan ta tsaya: a ƙirga ƙuri'a a rumfa a gaban jama'a, a rubuta sakamako a fom EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa. Sandar da aka tsaga biyu ce ta dawo a takarda. Inda wakili ya tafi gida kafin a gama, ko ya sa hannu bai karɓi nasa ba, ɓari ɗaya ya rage, kuma ɓari ɗaya ba ya ƙaryata kowa.

Haka abin yake a ƙananan harkokinmu. Ɗan rasit ɗin da mai POS ke miƙo mana, da saƙon banki da ke shigowa waya, da littafin adashi da uwar adashi ke riƙewa alhali kowace mai zubi tana da nata, duk aikinsu ɗaya. Ranar da lissafi ya rikice, wanda ke tsaye ta wajen kanta ba shi da abin da zai ɗora a kan teburin sai ɓarin da ya adana.